Karatun Injiniya: Jami'ar da Ke Ajiye Zayyana Sai Ƙarshe, Ko Wadda Ke Farawa da Ita?

Ɗalibin da ya samu gurbin karatun injiniya a jami'o'i biyu yakan duba suna, ya duba kuɗin makaranta, ya duba matsayin kowacce a jerin gwanayen duniya. Abin da ba kasafai yake dubawa ba shi ne ranar da za a fara miƙa masa matsalar da ba ta da amsa a bayan littafi. A wata jami'ar, wannan rana tana zuwa tun makonnin farko na shekarar farko. A wata kuma sai shekarar ƙarshe, lokacin da saura 'yan watanni ya fita neman aiki. Wannan bambanci ya fi na suna tasiri a kan irin injiniyan da mutum zai zama.

Zayyana a aikin injiniya ita ce tafiyar da ake yi daga buƙata zuwa abin da ke aiki: wa ke da matsalar, me yake so, nawa zai iya biya, da me za a ƙera, in ya lalace wa zai gyara. Ɗauki ƙaramar na'urar nan da masu ciwon sukari ke gwada jininsu da ita. A jikin ɗan tsinken da ake ɗiga wa jini akwai ilimin sinadarai. A cikin na'urar akwai lantarki da manhajar kwamfuta. Akwai batun yadda masana'anta za ta buga miliyoyin tsinken ba tare da wani ya saɓa wa wani ba. Sannan ga dattijon da zai riƙe ta, hannunsa na rawa, idonsa ba ya ganin ƙananan lambobi. Babu sashe ɗaya a jami'a da ya mallaki waɗannan tambayoyi duka. Shi ya sa duk inda aka ɗauki zayyana da gaske, sai ta tilasta wa fannoni zama a teburi ɗaya, ko suna so ko ba sa so.

To me ya sa yawancin jami'o'i suka tura ta ƙarshen karatu? Abin yana da tarihi. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ɗalibin injiniya a Amurka yana shafe lokaci mai yawa a kan allon zane da ɗakin ƙere-ƙere. Yaƙin ya nuna cewa manyan ayyuka irin na na'urar rada mai hango jiragen sama da makamashin nukiliya masana kimiyyar fiziks ne suka ja ragamarsu, abin da bai yi wa injiniyoyi daɗi ba. A 1955 rahoton Grinter ya ba da shawarar a ƙara nauyin lissafi da kimiyya a manhajar karatu, bayan shekara biyu kuma Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na Sputnik, kuɗin bincike ya kwararo, malaman jami'a suka koma masu bincike fiye da masu ƙira. Ƙasashe da dama sun bi wannan sahu. Zuwa shekarun 1980 da 1990 kamfanoni suka fara ƙorafin cewa ana turo musu matasa masu iya warware lissafi amma ba su iya aiki da mutane ba, ba su kuma san yadda ake fara abu daga tushe ba. Daga wannan ƙorafi ne hukumar ABET ta Amurka mai tantance kwasa-kwasan injiniya ta sauya ƙa'idojinta a 1996, a shekarar 2000 kuma jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka da jami'o'in Suwidin uku, wato Chalmers da KTH da Linköping, suka kafa tsarin CDIO, wanda ke cewa a koya wa ɗalibi yadda ake ƙudurta abu, a zayyana shi, a gina shi, a kuma tafiyar da shi.

Tsohon tsari dai har yanzu shi ne ya fi yawa: shekara biyu na lissafi da fiziks da makamantansu, shekara ta uku ta zurfafa a fanni, sai babban aikin kammalawa a ƙarshe. Masu tallata sabon salo suna yawan yi masa ba'a, ni kuwa ban yarda a raina shi ba. Ranar 17 ga Yuli 1981, gadojin tafiya da ƙafa biyu da ke rataye a cikin otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas a Amurka suka rufto kan jama'a, mutum 114 suka mutu. A zanen farko, dogon rodi ɗaya ne zai sauko daga rufi ya ratsa gadar sama ya riƙe ta ƙasa. Wajen gini sai aka mai da shi rodi biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗayan daga gadar sama zuwa ta ƙasa. A ido, canjin ba komai ba ne. A lissafi kuwa, mahaɗar da ke riƙe da gadar sama ta koma ɗaukar nauyin gada biyu, ninki biyu ke nan na abin da aka yi mata tanadi, alhali ko zanen farkon ma bai cika ƙa'idar gini ta birnin ba. Wanda ya sha gumin darasin auna nauyi da ƙarfi, ya warware tambayoyi ɗari-ɗari har abin ya zauna masa a ka, zai iya hango wannan a takarda guda. Irin wannan ido ba a samun sa a taron musayar ra'ayi. Maimaici ne ke kawo shi, kuma tsohon tsari ya ƙware wajen maimaici.

Sai dai ga wani hatsarin da lissafi bai hana ba. A watan Maris na 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania, wani bawul, wato makullin bututu, ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya tukunyar nukiliyar yana ta zurarewa. A ɗakin kula da tashar akwai fitilar da ma'aikata suka ɗauka tana nuna ko bawul ɗin a rufe yake. Ashe abin da take nunawa shi ne an aika masa umarnin rufewa, ba wai ya rufu ba. Sama da awa biyu aka yi kafin a toshe hanyar. Waɗanda suka haɗa wannan fitila sun san lantarki sarai. Tambayar da ba a yi ba ita ce: mutumin da ke tsaye a gabanta da ƙarfe huɗu na asuba, ƙararrawa na ta kuka ta ko'ina, me zai fahimta? Wannan tambayar zayyana ce, kuma ɗalibin da bai taɓa ganin baƙo ya riƙe abin da ya ƙera ya yi amfani da shi a baibai ba, da wuya ta zo masa a rai.

A nan ne raunin ajiye zayyana sai ƙarshe yake. Sau ɗaya tak ɗalibi zai yi ta, a lokacin da makinsa na fita ya rataya a kanta, don haka ba zai yi kasada ba. Ba shi da damar ya gina abu ya faɗi, ya gane dalili, ya sake. Abokan aikinsa kuma galibi 'yan sashensu ne, masu tunani irin nasa. Ga kuma shekarun farko da yawanci ke korar ɗalibai, domin mutum ya zo da burin ƙera abu, sai ya tarar da lacca da jarrabawa kawai, ba wanda ya nuna masa inda wannan lissafi zai yi amfani.

Tsari na biyu shi ne wanda ya mai da zayyana ƙashin bayan karatun tun daga farko. Wanda ya fi yin suna a nan shi ne Kwalejin Olin da ke Needham a jihar Massachusetts, wadda aka kafa a 1997 da kyautar kusan dala miliyan 460 daga gidauniyar F. W. Olin, ta kuma fara koyar da ɗalibanta na farko a 2002. Ba ta da sassa, malamanta ba su da kujerar dindindin, ɗalibanta duka ba su kai 500 ba. A zangon farko ana sa ɗalibi ya nazarci yadda ƙwaro ke tsalle, ya ƙera abin wasa mai tsalle da hannunsa. A shekara ta biyu akwai darasin da rukunin ɗalibai ke zaɓar wasu mutane, su shafe zango suna bibiyar rayuwarsu da aikinsu, kuma abin da ake nema a ƙarshe shi ne su gano me ya kamata a ƙera wa mutanen nan, ba su nuna bajintar ƙira ba. A shekarar ƙarshe kamfanoni ke kawo matsalolinsu na gaske su biya kuɗi a yi musu aiki.

Za a iya cewa Olin 'yar gata ce, ƙarama ce, kuma tana tsince ɗalibanta ne daga cikin zaƙaƙurai. Gaskiya ne. Ita kanta ta ji nauyin tsarin a aljihu: da farko karatu kyauta ne ga duk wanda aka ɗauka, bayan rikicin tattalin arziki na 2008 aka rage tallafin zuwa rabi. Shi ya sa na fi ba misalin Jami'ar Aalborg ta Denmak muhimmanci. Jami'ar gwamnati ce mai dubban ɗalibai, kuma tun kafa ta a 1974 take kan tsarin koyo ta hanyar matsala. A kowane zango, kusan rabin nauyin karatu aikin rukuni ne a kan matsala guda, sauran rabin darussa. Ɗalibin da ya gama digirin farko da na biyu a can ya yi irin wannan aiki kusan sau goma. Jami'ar UCL ta Landan kuma ta nuna cewa tsohuwar jami'a ma tana iya juyawa. Daga 2014 ta shigo da tsarin da a sassa da dama ake koyarwa mako huɗu, a mako na biyar a ajiye lacca a ba ɗalibai aikin da sai da abin da suka koya za su iya yin sa, a ƙarshen shekara ta biyu kuma a gauraya ɗaliban sassa daban-daban su yi mako biyu a kan matsala ɗaya. Ita kuwa SUTD, jami'ar fasaha da zayyana ta Singafo, wadda aka kafa a 2009 da haɗin gwiwar MIT ta kuma fara karatu a 2012, tana haɗa masu son injiniya da masu son zanen gine-gine a aji ɗaya na zango uku kafin kowa ya zaɓi hanyarsa.

Shin akwai hujjar cewa wannan ya fi? Akwai, amma a karanta ta da hankali. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 a kan darussan kimiyya da injiniya da lissafi, suka gano cewa a ajin lacca zalla kusan kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa, a ajin da ɗalibai ke aiki da kansu kuma kusan kashi 22. Sai dai abin da suka auna shi ne sa ɗalibi ya motsa a cikin aji, ba lallai manyan ayyukan zayyana ba. Rahoton da Ruth Graham ta rubuta wa MIT a 2018 ya sa Olin da MIT a sahun gaba, SUTD kuma a kan gaba cikin masu tasowa, amma ra'ayin masana 50 aka tattara wajen fitar da jerin, ba ƙwarewar waɗanda suka kammala aka gwada ba. A ɗaya ɓangaren kuma, tun 2006 Kirschner da Sweller da Clark suka yi gargaɗin cewa sabon shiga da aka sake shi ya gano abu da kansa ba tare da jagora ba, ruɗewa yake yi. Ina ganin duka ɓangarorin suna da gaskiya. Aikin zayyana yana koyarwa ne idan an ɗora shi a kan darasin da aka koyar da kyau. In babu wannan, wasa ne da kwali da gam.

Kuma tsarin yana da farashin da ba a rubutawa a takardar talla. Awannin mako ba sa ƙaruwa, taura biyu kuwa ba ta taunuwa: duk makon da aka ba aikin rukuni, an cire shi ne daga wani darasi. Sannan ga matsalar cima-zaune, wadda duk wanda ya taɓa aikin rukuni ya san ta. Akwai ma wadda ta fi ta ɓoyuwa. A rukunin mutum biyar, wanda ya iya rubuta manhaja shi zai riƙa rubutawa kullum, mai iya magana shi zai riƙa gabatarwa, mai tsoron lissafi kuma ya laɓe a bayan tsara hotuna har ya gama digiri bai taɓa auna ƙarfin ƙusa ɗaya ba. Rukunin ya yi nasara, ɗaiɗaikun sun fita da giɓi. Batun yadda za a ba kowa makinsa ya taɓa zama rigimar ƙasa a Denmak, inda gwamnati ta hana jarrabawar rukuni a 2006, bayan 'yan shekaru kuma aka dawo da ita.

Akwai hanya ta uku, inda zayyanar ce kanta digirin. Jami'ar Delft ta Holan tana da tsangaya guda ta wannan fanni tun 1969, inda ake haɗa fasaha da nazarin ɗan Adam da kasuwanci. Imperial College ta Landan ta buɗe makarantar Dyson a 2014 da kyautar fam miliyan 12 daga gidauniyar James Dyson, digiri ne na shekara huɗu da ya haɗa da wata shida a kamfani, kuma tun 1980 take gudanar da digiri na biyu na haɗin gwiwa da kwalejin zane ta Royal College of Art. Wanda ya fito daga irin wannan wuri yakan iya ɗaukar tunani daga fira da mai buƙata har zuwa samfurin da ake riƙewa a hannu. Ga mai son ƙera kayan amfanin gida, kayan asibiti, ko kafa kamfaninsa, da wuya a samu shiri da ya fi wannan. Amma ya san da cewa ya sayi faɗi ne da kuɗin zurfi. Ranar da ake neman wanda zai sa hannu a kan lissafin gada ko tukunyar matatar mai, ba shi za a kira ba. Wasu masu ɗaukar aiki kuma har yanzu sai ya yi musu bayanin me digirin nasa yake nufi.

Ta huɗun ba tsarin digiri ba ce, cibiya ce a gefe da ɗaliban kowane sashe ke zuwa. Jami'ar Stanford ta Amurka tana da cibiyar d.school, wadda David Kelley ya jagoranci kafawa da kyautar dala miliyan 35 daga Hasso Plattner a 2005. Finlan tana da Design Factory tun 2008, a Jami'ar Aalto da aka samar a 2010 ta hanyar haɗe jami'ar fasaha da ta kasuwanci da ta zane. Irin waɗannan wurare sun fitar da abubuwa na gaske. A wani darasin Stanford na 2007 aka faro Embrace, jakar ɗumama bakwaini mai ɗauke da wani irin kaki da ke riƙe zafi na awanni, domin wuraren da kwalbar asibiti ta yi tsada ko ta yi nisa. Abin lura shi ne sai 2011 ta shiga kasuwa a Indiya. Darasin ya ba da tunani, sauran shekarun kuma aikin injiniya ne tsantsa na gwaji da gyara da neman izini. Jami'o'i da yawa sun kwaikwayi ɗakin, da kujeru masu taya da takardu masu launi a bango, ba su kwaikwayi wahalar ba. Cibiya irin wannan ƙari ce mai kyau, amma ba ta isa dalilin zaɓar jami'a ba, musamman idan aikin da aka yi a cikinta ba ya shiga makin digiri.

To wanne za ka ɗauka? Idan zuciyarka tana kan gine-gine, sinadarai, jiragen sama ko nukiliya, inda kuskure ke cin rai kuma lasisi ke da muhimmanci, ko kana hangen digiri na uku da bincike, ka fifita zurfi, sannan ka nemi zayyana da ƙafarka ta hanyar ƙungiyoyin ɗalibai masu ƙera motar tsere ko mutum-mutumi, da aikin hutu a kamfani. Idan ka riga ka tabbata kayan da mutane ke taɓawa da hannu kake son yi, hanya ta uku taka ce. Ga mafi yawan ɗalibai kuwa, waɗanda suka san suna son injiniya amma ba su san inda za su ƙare ba, ni tsari na biyu nake ba shawara: digiri mai sunan fanni sananne, lantarki ko injuna ko gine-gine, wanda zayyana ke ratsa shi kowace shekara. Dalilina shi ne sauƙin gyara. Wanda ya yi fanni mai zurfi yana iya ƙara digiri na biyu a zayyana cikin shekara ɗaya ko biyu. Wanda ya tsallake lissafi yana ɗan shekara sha tara, da wuya ya dawo masa yana da talatin, ga aiki ga iyali.

Halinka ma yana cikin lissafin. Akwai ɗalibin da in ba a faɗa masa abin da ake so daki-daki ba, hankalinsa tashi yake yi. Zai sha wuya a Aalborg ko Olin, ko da yake wataƙila shi ne ya fi buƙatar wuyar. Akwai kuma wanda lacca ke kashe masa jiki, bai san yana son lissafi ba sai ranar da injin da ya haɗa ya ƙi juyawa.

Wajen tantancewa, kada ka tsaya a shafin farko na intanet ɗin jami'a, domin yanzu kowacce tana iƙirarin ƙirƙira da haɗa fannoni. Nemi jadawalin darussa na shekara ta ɗaya da ta biyu, ka ƙirga nawa ne daga cikinsu ke ƙarewa da abin da aka gina aka gwada. Ka tambaya ko ɗan shekarar farko yana da izinin taɓa injunan ɗakin ƙere-ƙere, ko sai dai ya leƙa ta taga. Ka tambayi wani ɗalibin da ke ciki su wa ya yi aikin rukuninsa na baya da su. In duk 'yan ajinsu ne, haɗa fannonin a takarda ya tsaya. Ka ji yadda ake raba maki, ko ana tsayar da kowane ɗan rukuni shi kaɗai ya kare lissafin aikin. Ka duba ko cikin malaman akwai waɗanda suka taɓa fitar da kaya kasuwa ko suka tsaya a kan gini, domin wanda bai taɓa yi ba zai koyar da zayyana ne daga littafi.

Kafin ka biya ko sisi kuma, ka tabbatar hukumar tantancewa ta ƙasar ta amince da kwas ɗin da sunansa, ba jami'ar kawai ba. Yarjejeniyar Washington ta 1989 ta sa ƙasashen da suka sa hannu suna karɓar digirin injiniya na juna, amma sai wanda aka tantance. Sababbin kwasa-kwasai masu haɗa fannoni su ne suka fi faɗawa wannan rami, domin hukuma irin ABET ba ta tantance kwas sai ya yaye ɗalibi aƙalla ɗaya. Idan kana cikin rukunin farko ko na biyu na sabon kwas, ka nemi jami'ar ta rubuta maka a takarda matakin da take kai a neman amincewar, da kuma ko za ta shafi waɗanda suka riga suka kammala.